Lambun Gida: Kowace Shuka Da Lokacinta

Duk shekara, daga ƙarshen bazara zuwa tsakiyar damina, kuka ɗaya ne a bakin masu cefane: tumatir ya yi tsada, attarugu ya gagari talaka, tattasai sai wane da wane. Idan aka shiga Janairu zuwa Maris kuwa, sai ka tarar da kwanduna jibge a kasuwar 'Yankaba ta Kano, wasu har suna ruɓewa saboda rashin mai saye. Yanayi ne ke juya wannan hawa da sauka, kuma shi ne ke juya ɗan lambun da mutum zai yi a tsakar gidansa.

Mutane da dama sun taɓa gwada shuka a gida. Wani ya watsa irin tumatir a watan Afrilu, ya yi ta ban ruwa, shukar ta yi fure, furen ya kakkaɓe bai bar ɗa ko ɗaya ba. Wata ta shuka kuɓewa a tsakiyar hunturu, ta tsaya cak ta ƙi girma. Daga nan sai ka ji an ce, “Ni ba ni da hannun shuka.” Galibi hannun lafiyarsa ƙalau, lokacin ne aka kuskure. Wanda ya san abin da damina ke so, da abin da hunturu ke karɓa, da abin da bazara ke kashewa, zai iya cin ganye ɗanye daga gidansa kusan duk shekara, ko da filin bai wuce shimfiɗar tabarma biyu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa a kullum. Gida nawa ne ke iya sayen wannan a kasuwa kowace rana? Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Kafin iri ya taɓa ƙasa

Abu na farko shi ne rana. Tumatir, kuɓewa, barkono da albasa suna buƙatar hasken rana na awa shida ko fiye a yini. A tsaya a lura da gidan tun safe har yamma, a ga inda inuwar katanga ke faɗawa da inda ba ta kaiwa. Wurin da ke samun ranar safe ya huta da yamma ya fi dacewa da ganyaye irin su alayyafo da na'a-na'a.

Na biyu ƙasa. Jigawa ba ta riƙe ruwa, laka kuma tana riƙe shi fiye da kima har saiwa ta ruɓe. Maganinsu ɗaya ne, wato taki wanda ya ruɓe sosai. Kashin awaki, na tumaki, na shanu ko na kaji duk suna da kyau, amma ɗanye yana ƙona tsiro, musamman na kaji, kuma yana zuwa da irin ciyawa da gwazarma. A tara shi a rami tare da busasshen ganye, ɓawon kayan miya da ɗan toka, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa duk mako biyu. Bayan wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya daina wari, ya riƙa marmashewa a hannu. A lokacin ne ya isa zubawa. A guji kwaso ƙasar juji da ke cike da leda, batura da fasassun kwalabe, domin abin da za a kai baki ake shukawa.

Wanda gidansa siminti ne ko na haya, buhu ya ishe shi. A samu buhun shinkafa ko tsohon bokiti, a huda ƙasansa don ruwa ya riƙa fita, a cika shi da kashi biyu na ƙasa, kashi ɗaya na taki. Buhu ɗaya yana ɗaukar tumatir ko attarugu gindi ɗaya, ko alayyafo mai yawa. Ranar da aka tashi daga gidan, lambun ma ya hau mota.

Na uku shinge. Akuya ɗaya tana iya gamawa da aikin wata biyu kafin a idar da sallar La'asar, kaji kuma su tone irin tun bai tsiro ba. Darnin kara, zana, ko tsohon gidan sauro da aka kewaye da sanduna duk suna yi. Gidan sauron har ƙadangare yake tarewa, wanda shi ma gwani ne wajen tsinke ƙananan tsirrai.

Damina: lokacin ganye

Ruwa ba ya sauka lokaci ɗaya a ƙasar Hausa. Kudancin Kaduna kan samu tun Afrilu, Zariya a Mayu, Kano da Katsina a Yuni, Maraɗi da Damagaram kuma wani lokaci sai an shiga Yuli. Don haka kowa ya bi sararin garinsu. Kada ruwan farko ya ruɗi mutum, domin sau da yawa yakan ɗauke na mako biyu ko uku, tsiron da ya fito ya ƙone. A jira ƙasa ta jiƙu sosai, ko kuma a kasance da ruwan da za a tallafa da shi. Hasashen da hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, ke fitarwa a farkon kowace shekara, wanda gidajen rediyo ke bayaninsa da Hausa, yana taimakawa wajen sanin lokacin da ruwa zai zauna.

Wannan ne lokacin alayyafo, kuɓewa, yakuwa, rama, lalo, kabewa, gauta, gurji da wake. Irin alayyafo ƙanana ne ƙwarai, don haka a gauraya shi da yashi kafin a yafa, kada ya tsiro a cunkushe. Cikin mako uku zuwa huɗu ya isa ci. Maimakon a tuge shi, a yanke sama a bar gindin, zai sake toho sau biyu ko uku. Dabarar da ta fi ita ce a raba fangali gida uku, a riƙa yafa sabon iri duk mako biyu, ta yadda ba zai zo gaba ɗaya ya fi ƙarfin tukunya ba, kuma ba zai yanke ba.

Kuɓewa a jiƙa irinta ya kwana a ruwa, a sa ƙwaya biyu ko uku a rami, tsakanin rami da rami kamu ɗaya. Idan sun tsiro a bar mafi ƙarfi. Kusan wata biyu take fara 'ya'ya, kuma daga nan sai an riƙa tsinka duk kwana biyu ko uku. Wadda aka bari ta ƙosa a jiki tana sa uwar ta rage haihuwa. Kabewa kuwa a shuka ta a gindin rumfa ko zana ta hau sama, ta ba da inuwa, ta bar fili ga sauran.

Matsalar damina yawan ruwa ce, musamman markar watan Agusta. A yi kunya ko a ɗaga fangali sama da ƙasa da kamar taƙi ɗaya, a buɗe hanyar da ruwa zai bi ya fita. A riƙa cire ciyawa tun tana ƙarama. Tumatir yana wahala a wannan lokaci saboda laima na jawo masa cututtukan ganye. Wanda ya nace sai ya yi, to ya nemi irin damina, ya kafa masa sanda ya ɗaure shi, ya cire ganyayen ƙasa da ke taɓa laka. Sannan a kula da gwangwani, tsohuwar taya da bokitin da ruwa ke kwanciya a ciki, kada lambu ya zama gidan sauro.

Kaka: adana iri da renon sabon tsiro

Da ruwa ya fara janyewa a ƙarshen Satumba, aiki biyu ne ke gaban mai lambu. Na farko adanawa. A yanka kuɓewa a shanya, a busar da yakuwa da zogale a inuwa don kada ganyen ya koɗe, a tsinke zoɓo. A zaɓi shukar da ta fi lafiya da yawan haihuwa a bar 'ya'yanta su ƙosa su bushe a jiki, a ɓare irin, a zuba a kwalba busasshiya da ɗan toka, a rubuta suna da shekara. Amma irin kamfani da aka rubuta F1 a jikin ledarsa ba a ajiye 'ya'yansa, domin abin da zai fito ba zai yi kama da uwar ba. Karan dawa, ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa da ɓuntun shinkafa da ake ƙonawa a wannan lokaci duk dukiya ce, a tara su don taki da rufe ƙasa.

Na biyu shi ne reno. A watan Oktoba ake yafa irin tumatir, tattasai, attarugu, albasa, kabeji da latas a ɗan ƙaramin fangali ko a tsohuwar roba mai huji. Ƙasar ta zama mai laushi, irin kada ya nutse fiye da rabin gaɓar yatsa. A rufe da busasshiyar ciyawa, a riƙa yayyafa ruwa a hankali. Da zarar tsiro ya leƙo a ɗage ciyawar, a yi masa 'yar rumfa saboda zafin da ke biyo bayan ɗaukewar ruwa. Idan aka ga ƙananan tsirrai suna sirancewa daga gindi suna faɗuwa, ruwa ne ya yi yawa ko kuma sun cunkushe. A rage ban ruwa, a sassauta su.

Hunturu: kakar mai lambu

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu dare yana da sanyi, rana ba ta da zafi sosai, laima ta tafi da cututtukanta. Shi ya sa manoman rani na Kadawa, Kura da Garun Malam, waɗanda ke shan ruwan madatsar Tiga, suke cika kasuwanni da tumatir a wannan lokaci, kamar yadda Aliero a Kebbi da Galmi a Nijar suka yi suna da albasa. Abin da ya yi musu a fadama zai yi wa mai buhu goma a tsakar gida.

Tumatir yana isa dashe bayan kamar mako huɗu, idan ya yi ganye huɗu zuwa shida. Barkono da tattasai sukan ɗauki mako biyar zuwa shida, albasa shida zuwa takwas. A yi dashe da yamma, bayan an shayar da wurin renon, a ɗauko kowane tsiro da ƙasar gindinsa, a dasa, a danna ƙasa a hankali, a ba shi ruwa nan take. Washegari zai yi yaushi kamar zai mutu, amma cikin kwana uku zai miƙe. Karas ba a dasa shi. A shuka shi inda zai zauna, a ƙasa mai laushi marar duwatsu, in ba haka ba saiwar za ta karkace ko ta rabu biyu. Wata uku ake jiransa.

Ban ruwa a wannan lokaci yana son tsari. A zuba a gindi, da safe ko da yamma, isasshe yadda zai ratsa ƙasa. Yayyafi sama-sama yana sa saiwa ta tsaya a sama. A tura yatsa cikin ƙasa, idan da danshi har gaɓa ta biyu a ƙyale sai gobe. Tumatirin da ake bari ya bushe ƙayau sannan a cika shi da ruwa shi ne ke tsagewa ko ƙasan 'ya'yansa ya yi baƙi. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗawa, don haka a ƙara zana ta wannan ɓangare, kuma a riƙa wanke ƙurar da ke kwanciya a ganye lokaci-lokaci. Latas da sauran abin da ake ci ɗanye kada a shayar da su da ruwan kwata, kada kuma a sa musu takin da bai ruɓe ba.

Idan tumatir ya yi yawa a Fabrairu da Maris, a yanka a yi kauɗa, amma a kan tabarma mai tsabta da aka ɗaga sama, a rufe da raga saboda ƙuda da ƙura. Ita ce za ta rufa wa tukunya asiri a watan Yuni.

Bazara: a rage, a kare

Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan kai digiri 40 a Sakkwato, Maiduguri da Yamai, Kano ma ba ta da nisa da haka. Da zarar zafin rana ya haura digiri 35 kuma dare bai huce ba, furen tumatir yana zubewa ba tare da ya ƙulla ɗa ba, latas ya yi tsawo ya fitar da kai ya yi ɗaci. Ga shi rijiyoyi sun ja baya, 'yan garuwa sun ƙara kuɗi. Hikima a nan ita ce a rage lambun zuwa abin da ruwan gida zai iya ɗauka: zogale, ɗan fangalin alayyafo, kuɓewa gindi biyar ko shida, da itatuwa.

A rufe gindin kowace shuka da busasshiyar ciyawa ko ɓuntu mai kaurin yatsa uku, a ɗan nisanta shi da jikin shukar saboda gara. A samu tulun ƙasa wanda ba a shafe shi da fenti ba, a binne shi har wuya a tsakiyar shuke-shuke, a cika shi da ruwa a rufe bakinsa. Ruwan zai riƙa tsattsafowa a hankali, saiwoyi su kewaye tulun suna sha, kuma cikawa ɗaya takan kai kwanaki. Ruwan alwala, na wankin shinkafa da na wankin kayan miya duk a tara su a bokiti ɗaya a kai lambu. Wanda ke da omo mai yawa, bilic, gishiri ko maiƙo kuwa yana lalata ƙasa.

Bazara ce kuma lokacin shirin damina. A kafce fangalin da aka girbe a bar rana ta gasa shi, tana rage ƙwari da ƙwayoyin cuta. Inda ƙasa ta yi tauri kamar faƙo, a ari dabarar tassa ta manoman yankin Tawa a Nijar: a haƙa ƙananan ramuka masu faɗi da zurfin kamar taƙi ɗaya, a zuba taki cikin hannu biyu a kowanne, ruwan farko ya taru a ciki, sannan a shuka.

Itatuwan da za su daɗe

Farkon damina ne lokacin dasa itace, amma ramin tun bazara ake haƙa shi, kamu ɗaya da rabi faɗi da zurfi, a cika da ƙasa da taki. Zogale ya kamata ya zama na farko a kowane gida. Yana fitowa daga iri ko daga reshe, yana jure fari, kuma idan ana sare kansa da ya kai ƙugun mutum sai ya yi rassa da ganye inda hannu zai kai. Gwanda tana haihuwa kafin shekara ta zagayo. A shuka uku ko huɗu wuri ɗaya, idan sun yi fure a gane namijin da dogayen silin furanninsa, a bar namiji ɗaya kawai a gidan. Ba ta son ruwa ya kwanta a gindinta ko na kwana biyu.

Gwaba da lemun tsami sukan fara bayarwa a shekara ta biyu zuwa ta huɗu. Mangwaro mai aure yana haihuwa cikin shekara uku zuwa huɗu, wanda aka shuka daga ƙwallo kuwa yakan kai biyar zuwa takwas. A hunturu yake fure, ya nuna a bazara. A nisanta shi da ginin ɗaki, katanga da sokawe da aƙalla mita biyar, saboda saiwa da kuma zaman lafiya da maƙwabta. Masu neman ingantaccen dashe da iri suna iya tuntuɓar malaman gona na jiharsu, ko reshen cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT da ke Bagauda a Kano, ko cibiyoyin aikin gona na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru. Ya kuma tabbata a hadisi cewa abin da mutum, tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi sadaka ce a gare shi.

Furanni ma suna da aiki

Wasu na ganin fulawa kayan 'yan boko ne ko na gidan gwamnati. Amma kabewa, gurji da kankana ba sa ƙulla 'ya'ya sai zuma da sauran ƙwari sun ɗauki garin fure daga namiji zuwa mace, kuma furanni ne ke kiran su. Lalle yana yin shinge mai kyau, furensa na da ƙamshi, ganyensa kuma mata sun san darajarsa. Ɗoɗɗoya da na'a-na'a suna zama a tukunya kusa da madafa. Wardi yana son sanyin hunturu da taki mai yawa. Fulawar nan mai ƙaya da ke hawa katanga da furanni ja ko ruwan hoda ta fi yin ado a rani, idan ba a cika ta da ruwa ba. Sai dai a yi hattara a gidan da ke da yara: zaƙami da 'ya'yan bini-da-zugu guba ne, kada a bar su inda ƙaramin hannu zai kai.

Ƙwari da batun magani

A shekarar 2016 tsutsar tumatir da manoma ke kira Sharon ta yi ɓarnar da ta sa gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir, kuma har yau tana dawowa idan zafi ya kama. Alamarta farin zane ne a cikin ganye, kamar an kankare shi daga ciki. Ga ita, ga darɓa da ke taruwa a bayan ganye, ga ƙaramin farin ƙuda da ke sa ganyen tumatir ya nannaɗe. A ƙaramin lambu ido ne babban magani. A riƙa juya ganye ana dubawa duk safiya, a tsinke wanda ya kamu a ƙona ko a binne.

Idan abin ya yi yawa, a daka busassun 'ya'yan darbejiya, kimanin giram 50 a kowace lita ta ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu kaɗan, a fesa da yamma har bayan ganye, a maimaita bayan mako guda. Kada a shuka tumatir, barkono ko gauta a wuri ɗaya sau biyu a jere, domin dangi ne, cutarsu ɗaya. A bi bayansu da wake, albasa ko masara. Wanda ya ga dole sai maganin kanti, ya karanta kwanakin da aka ce a jira kafin girbi, ya cika su, ya kuma ɓoye kwalbar inda yara ba za su gani ba. Fiya-fiya da maganin sauro ba na kayan miya ba ne ko kaɗan.

Daga ina za a fara?

A fara da kaɗan. Buhu biyar da ake kula da su sun fi fangali ashirin da aka bari ciyawa ta cinye. A duba watan da ake ciki: idan damina ce a yafa alayyafo a dasa zogale, idan kaka ce a yi renon tumatir da albasa, idan hunturu ne a dasa su a ƙara da latas da karas, idan bazara ce a haƙa ramin taki a nemi tulu. A ba kowane yaro buhunsa ya riƙa shayarwa kafin ya tafi makaranta. A ajiye ɗan littafi ana rubuta ranar shuka, ranar dashe da abin da aka samu, domin baɗi shi ne zai zama malamin gonar gidan. Tsiron da ya yi saura a wurin reno kuma a miƙa wa maƙwabta, ta yadda ranar da akuya ta yi wa mutum ɓarna zai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ya samo wani.